Fayilolin kile sun koma rakursi, data na ƙarewa da wuri, kwamfuta na mutuwa da rana: format ne magani?

Ɗan Garin Malam

Assalamu alaikum ƴan'uwa masana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan kwamfutar gida kafin a kai ta a yi mata format.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ta hannu, Core i5 ƙarni na 6, RAM 8 Go, faifan ajiya 500 Go irin mai juyawa, Windows 10 na Faransanci. Batirinta ya mutu, ba ya riƙe wuta ko minti biyar, sai a jikin kuran take aiki. Matsalolin uku ne.

Na farko, kile ce, wato filash, mai 16 Go. Tun da aka kai ta wurin buga takardu, dukkan dosiyoyin ciki sun koma rakursi, wato alamar gajeriyar hanya zuwa fayil, kowanne da ƴar kibiya a gindinsa, girmansa 2 Ko. Amma kile ɗin na nuna akwai kaya 9 Go a ciki. In an latsa dosiye yakan buɗe, sai dai wani baƙin allo na walƙawa kafin ya buɗe. Yanzu duk kile da aka sa a kwamfutar haka take komawa.

Na biyu, akwatin wifi mai sim. Ana sa furfe 20 Go na wata, ba ya kai kwana goma. Wayoyi biyar ne a gidan da kwamfuta ɗaya.

Na uku, kwamfutar kan mutu da kanta, yawanci bayan azahar, fanka na ƙara sosai. In an kunna, kwanan wata ya koma shekarun baya, kuma shafuka su ƙi buɗewa, su rubuta "Votre connexion n'est pas privée".

An ce duk bairos ne, format kaɗai zai gyara. Akwai takardun karatun yara da hotuna a ciki waɗanda babu su a wani wuri. Gaskiya ne sai format? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara Zango

Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da format tukuna. Cikin abubuwa ukun da ka lissafa, ɗaya ne kaɗai bairos. Format ba zai sauƙe zafin kwamfuta ba, ba zai gyara agogo ba, ba zai kori kowa daga wifi ba. Kuma ranar da aka gama shi, aka mayar da kile ɗin nan aka latsa rakursi ɗaya, cutar ta dawo. Ni zan ɗauki ta kile, sauran a bar wa masu fannin.

Fayilolinka suna nan, 9 Go ɗin da kake gani su ne. Abin da cutar take yi shi ne ta ɓoye dosiyoyin gaske, ta ƙirƙiri rakursi masu sunansu da hotonsu. In ka latsa rakursin, umarni biyu yake bayarwa: ya tayar da cutar, sannan ya buɗe maka dosiyen don kada ka gane. Baƙin allon da ke walƙawa shi ne umarnin farko. Yawancin irin wannan ƙaramin rubutu ne mai ƙarewa da .vbs ko .js, wanda wani sashen Windows mai suna wscript.exe ke gudanarwa. Dangin da aka fi sani, Houdini, tun 2013 yake yawo. Kada a raina shi don tsufansa, domin yana ba wanda ya saka shi damar aiko wa kwamfuta umarni daga nesa da sauke wasu cututtukan.

Kwamfutar za a fara wankewa, ba kile ba. Wanda ya fara da kile ya kashe maciji bai sare kansa ba, cikin daƙiƙu kaɗan za a sake ɓoye masa kayan.

Cire duk wata kile. Gyara kwanan wata da hannu a Paramètres, Heure et langue, Date et heure, domin in agogo ya karkace Defender, mai gadin bairos na Windows, ba zai iya sauke sabon jerin cututtuka ba. Yankin lokaci ka zaɓi UTC+01:00 na Afrique centrale - Ouest. Kada ka zaɓi Paris, su suna ƙara awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, mu ba mu canzawa.

Danna Ctrl da Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches ya buɗe. Shiga Détails, nemi wscript.exe. Kafin ka kashe shi, danna dama a kan layin sunayen ginshiƙai na sama, Sélectionner des colonnes, ka sa alama a Ligne de commande. Nan zai nuna maka cikakken wurin da fayil ɗin cutar yake da sunansa. Rubuta shi a takarda. Sannan Fin de tâche. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su kashe shi kawai, su rasa inda za su nemo shi.

Yanzu a hana shi tashi da kwamfuta. Wurare huɗu ne. A shafin Démarrage na Gestionnaire ɗin, ka kashe duk wanda ke nuni ga wscript ko wanda ba shi da sunan kamfani. Danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:startup, share duk .vbs, .js ko rakursin da ba ka sani ba. Sake Windows da R, rubuta regedit, bi HKEY_CURRENT_USER, Software, Microsoft, Windows, CurrentVersion, Run, ka share layin da ke ɗauke da sunan da ka rubuta a takarda, shi kaɗai, kada ka taɓa sauran. Na huɗu taskschd.msc, ka duba ko akwai aikin da aka tsara ya riƙa tayar da wannan fayil. Bayan haka ka je wurin da yake zaune, galibi %temp% ko %appdata%, ka share shi. Ba za ka gan shi ba sai ka shiga Affichage na Explorateur ka sa alama a Éléments masqués da Extensions de noms de fichiers, kuma a Options ka cire alamar "Masquer les fichiers protégés du système d'exploitation".

Daga nan Sécurité Windows, Protection contre les virus et menaces. Sabunta shi, sannan a Options d'analyse ka zaɓi binciken da aka rubuta hors ligne a jikinsa. Kwamfutar za ta mutu ta tashi ta yi bincike kafin Windows ya hau, wajen minti 15. Tunda batirinka ya mutu, ka yi shi lokacin da kuran ya tsaya da ƙafarsa, kuma da safe. Ka leƙa Exclusions ma. In ka tarar an ware C: gaba ɗaya ko %temp% daga bincike, cire su. Ƴan manhajojin nan na satar lasisin Windows da Office su ne kan gaba wajen yin haka, suna ɗaure wa mai gadi hannu ne kafin su shiga.

Sai yanzu kile. Sa ta, kada ka latsa komai a ciki, duba harafinta kawai, mu ce E. Buɗe Invite de commandes ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

In madannanka AZERTY ne: ƙaramin layin yana kan lamba 6, \ yana AltGr da 8, / yana Maj da maɓallin ɗigo biyu, tauraron yana kusa da Entrée. A kile mai kaya 9 Go zai iya ɗaukar mintuna, ba abin da zai nuna, ka jira har layin rubutu ya dawo. Sannan:

del E:\*.lnk

Ka buɗe kile ɗin ka share .vbs ko .js da ke bakinta. Kwafe kayan zuwa kwamfuta, ka tabbatar suna buɗewa, sannan kile ɗin ita za ka yi wa format. Haka za a yi wa kowace kile da katin memori da suka taɓa shiga wannan kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya.

Ƴar Birni

Sannu da ƙoƙari Malam Mai Gyara, bayanin ya cika. Bari in ɗauki ta data.

Ɗan'uwa, mu fara da lissafi kafin mu zargi kowa. 20 Go a kwana 30 bai kai 700 Mo a rana ba. Raba shi ga na'urori shida, kowace ta samu wajen 110 Mo. Bidiyo a 480p na cin kusan rabin jiga a awa, a 720p ya haura jiga ɗaya. Ke nan rabon kowa a rana bai kai kallon kwata ɗin awa ba. Saboda haka ko babu baƙo ko ɗaya a kan akwatin, furfen zai iya ƙarewa a kwana goma. Cutar kile kuwa ba ta cika cin data mai yawa ba, ƴan saƙonni take aikawa.

Akwai abin da ya fi kallon bidiyo ɓarna, kuma ba a ganinsa. Waya da kwamfuta sun ɗauka duk wifi kyauta ne marar iyaka, haka aka ƙera su. Da zarar sun hau sai su saki duk abin da suke riƙe da shi: Play Store ya sabunta manhajoji, Google Photos ya loda hotuna da bidiyo, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka turo a kowane gurup, Windows ya ɗauko sabuntawarsa. Sai an gaya musu cewa wannan wifi ɗin sim ne a cikinsa.

A kwamfuta: Paramètres, Réseau et Internet, Wi-Fi, latsa sunan akwatin, kunna Connexion limitée. A wannan sashen akwai Consommation des données, zai jera maka abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30. Sannan a Windows Update, Options avancées, Optimisation de la distribution, kashe izinin musayar sabuntawa da wasu kwamfutoci. Amma ka gama sabunta Defender da Malam ya ce kafin ka kunna Connexion limitée, kuma ka riƙa buɗe shi sau ɗaya a wata don sabuntawa ta shiga.

A kowace waya: WhatsApp, Paramètres, Stockage et données, a layin Wi-Fi cire alamar bidiyo da takardu, a bar hotuna in ana so. Play Store, Paramètres, Préférences réseau, hana sabuntawa ta kai tsaye. A cikin saitin wifi ɗin kansa akwai wurin da ake cewa a ɗauke shi a matsayin mai kuɗi, sunan ya bambanta daga waya zuwa waya, a iPhone Mode faibles données ne. YouTube, Facebook da TikTok duk suna da tanadin data, a kunna.

Yanzu maganar baƙi. Juya akwatin, a ƙarƙashinsa akwai takarda mai adireshin shiga. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza kana kan wifi ɗin. Nemi jerin na'urorin da ke haɗe, ka ƙirga. Ka yi haka da dare bayan isha'i, lokacin da kowa ke gida, har maƙwabta.

Kod biyu ne a akwatin, kuma nan ake yawan kuskure. Akwai na shiga wifi, akwai na shiga saitin akwatin. Na biyun a tsofaffin akwatuna admin ne, kowa ya sani. In ka canza na wifi ka bar wannan, duk wanda ya samu hawa sau ɗaya zai iya shiga ya karanta sabon kod, ya karanta saƙonnin da ke zuwa wa sim ɗin, har ya canza saiti. Fara da na saiti. In ya ƙi karɓar wanda ke kan takarda, wani ya riga ka: sa tsinke a ramin Reset ka riƙe wajen daƙiƙa 10, ya koma yadda ya fito daga kamfani.

Tsaro ka zaɓi WPA2-PSK da AES, ko WPA3 in duk wayoyin gidan na karɓa. WEP kada ma a duba shi, cikin mintuna ake fasa shi. Kod na karɓar harafi 8 zuwa 63. Kada ya zama lambar waya, sunan yaro ko shekarar haihuwa, domin su maƙwabci zai fara gwadawa. Haɗa kalmomin Hausa huɗu da ba su da alaƙa, da lambobi a tsakani, ya haura harafi 15. Yana da sauƙin riƙewa a ka, yana da wuyar cinka.

Kashe WPS, wato hanyar hawa wifi da lamba ba tare da rubuta kod ba. Lambarsa takwas ce, amma tun 2011 aka nuna cewa yadda akwatin ke duba ta rabi-rabi ya sa gwaji 11,000 ya isa a gano ta, kuma wanda ya gano ta akwatin da kansa zai miƙa masa kod ɗin, komai tsawonsa.

Sai dai a ganina, a unguwanninmu ba fasa kod ake yi ba, ba da shi ake yi. Tun daga Android 10, duk wayar da ke kan wifi na iya nuna hoton QR, aboki ya ɗauka ya hau, a wayoyi da yawa ma kod ɗin na fitowa a rubuce. Yaro ɗaya ya ba abokinsa, abokin ya ba ƴan fada, kafin mako ya zagayo rabin layi na kai. Akwai kuma manhajojin "wifi kyauta" waɗanda ke kwashe kod ɗin da ke cikin waya su raba wa duk mai manhajar. A bincika wayoyin gidan a cire su kafin a sa sabon kod, in ba haka ba zuba ruwa a kwando ne.

Ɓoye sunan wifi ba tsaro ba ne. Toshe mutum ɗaya-ɗaya ta lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, ma ba ya ɗorewa, wayoyin yanzu na iya canza ta. Abin da ke aiki shi ne akasin haka: jerin waɗanda aka yarda da su kaɗai, wato liste blanche, ko kuma a ƙayyade yawan na'urorin da akwatin zai karɓa zuwa shida. Da liste blanche ko QR ya fita, ba za a hau da sauƙi ba.

Ɗan Garin Malam

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Malama. An samu wscript.exe, fayil ɗin yana %appdata%, an share. Dosiyoyin kile sun dawo, amma attrib ya rubuta "Accès refusé" a kan System Volume Information, kuma rabin kayan suna cikin wani dosiye marar suna. A akwatin wifi an ƙirga na'urori 11. An canza kod biyun. Saura mutuwar kwamfuta da agogo. Yau ma ta mutu wajen ƙarfe uku.

Baba Mai Kuran

Yaro, mutuwar nan hanya biyu gare ta a kwamfutarka, kada a yanke cewa zafi ne sai an gwada. Tunda batir ya mutu, ko ƙiftawar ido kuran ya yi za ta mutu nan take. Kuma da rana tsaka a watannin zafi ne wuta ta fi rauni, lokacin da kowa ya kunna fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ka lura: in fitila ta dushe ko fankar ɗaki ta rage gudu sannan ta mutu, wuta ce. In fankar kwamfutar ta daɗe tana kuka, aiki ya yi nauyi, linzami na tsalle, sannan ta mutu, kuma ta ƙi kunnuwa sai ta huce, zafi ne.

Sauke Core Temp ko HWMonitor daga shafin masu su, ƙananan manhajojin auna zafi ne. Tana zaune ba aiki, ma'aunin ya tsaya tsakanin digiri 45 da 60. Da aiki ya kai 80 ba laifi. In ya haura 90 a kan aikin rubutu ko bidiyo ɗaya, hanyar iska ta toshe. Irin wannan Intel iyakarsa 100 ce, kafin ya kai sai ya rage gudu da kansa, in abin ya ƙi sai ya kashe kwamfutar don kada ya ƙone. Ka tuna a Damagaram cikin Afrilu da Mayu iskar waje kanta ta haura 40, da ita fankar ke ƙoƙarin sanyaya shi. Ƙurar hunturu kuwa tun Nuwamba take taruwa a ciki, shi ya sa matsalar ke bayyana da shigowar bazara.

Ƙurar ba a kan fanka take ba, tsakanin fanka da haƙoran jan ƙarfen da iska ke fita take taruwa, ta zama kamar guntun bargo. Hura iska daga waje ba ya fitar da ita, sake tura ta ciki yake yi. Sai an buɗe. Cire caja, buɗe murfin ƙasa, ka jera kusoshin a kan takarda yadda suke a jiki domin tsawonsu ya bambanta, doguwa a ramin gajeriya na iya huda allon ciki, wato carte mère. Cire filogin batir daga allon kafin ka taɓa komai, ko da ya mutu. Kwance fankar, zare bargon da hantsaki, share haƙoran da busasshen buroshin haƙori. In za a hura da injin iska, a danne fankar da yatsa, gudun da ya wuce ƙa'ida na lalata ta. Kuma injin masu faci na tofo ruwa da mai, a guje shi.

Sannan man zafi, wanda ke tsakanin Intel ɗin da jan ƙarfen. Kwance jan ƙarfen bisa lambobin da ke jikin kusoshinsa, goge tsohon man da ya bushe da alkol 90 na farmasi da tsumma marar gashi, a ɓangarorin biyu. Sa sabo kamar ƙwayar dawa a tsakiya, mayar da ƙarfen, ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan a gicciye. Yawan man ba ya ƙara sanyi. Man goge baki ko giris da wasu ke sawa kwana kaɗan suke bushewa, kada a yarda. Bayan haka kada a ƙara ɗora ta a katifa, darduma ko filo. Tebur, a ɗaga bayanta da ɗan katako yatsa biyu. In an gama aiki ta huce a rufe ta da kyalle.

Agogo ba bairos ba ne. Akwai ƙaramin batir mai kamar kwabo a kan allon, 3V, shi ke riƙe kwanan wata in babu wuta. Shi ya mutu, babban ma ya mutu, shi ya sa duk ɗaukewar kuran ke mayar da ita baya. Shafukan kuwa suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya ce ana shekarun baya sai burauza ta ga ranar farawar ba ta zo ba, ta ƙi. A kwamfutar tebur CR2032 ne tsirara, masu gyaran agogo na sayarwa. A ta hannu yawanci an naɗe shi da roba da waya biyu da ɗan filogi. Ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa don filogin ya dace, kuma a auna sabon da mita, ya nuna 3V ko sama kaɗan. Kada a ɗora masa dalma kai tsaye, zai iya fashewa. Tunda za a buɗe don ƙura, a yi duka rana ɗaya.

Maganar wuta. Cajar kwamfuta ta gaske na karɓar 100 zuwa 240V, saboda haka raunin kuran ba ya damunta sosai, ɗaukewa ce matsala. Maganin farko sabon batir, shi ne ondilar ɗinta, wato abin da ke riƙe wuta in an ɗauke kuran. Ya fi sayen ondilar daban, domin batirin ondilar na 12V 7Ah ba ya son zafi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 na rage masa rabin rayuwa. In tsohon batirin ya kumbura, murfi ya ɗago ko wurin linzami ya taso, cire shi yau, kada a huda, kada a jefa a wuta. Duba cajar ma, bolt ɗinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙarƙashin kwamfutar, ampiya kuma kada ya gaza. A Dell da HP akwai siririn tsinke a tsakiyar kan cajar da kwamfuta ke gane ta da shi. In cajar jabu ce ko tsinken ya karye, sai ta ƙi cajin batir ta kuma rage gudu, a yi ta zargin bairos. In an ɗauke wuta a zare caja, in an dawo da ita a jira minti biyu zuwa uku. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare har da na akwatin wifi.

Abin da ya fi damuna shi ne faifanka mai juyawa. Kowace mutuwar farat ɗaya na iya barin masa tabo. Kafin a kwance ko kusa ɗaya, kwafe takardun yaran da hotunan zuwa wani wuri. Sannan CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai: in ya nuna rawaya a layin 05 ko C5, faifan ya fara tafiya, a canza shi da SSD mai SATA na inci 2.5. Ba shi da abin juyawa, ba ya tsoron girgiza, kuma kwamfutar za ta tashi cikin daƙiƙu.

Mai Gyara Zango

Baba ya yi gaskiya a kan kwafe kaya, ya kamata in fara da shi. Malam, "Accès refusé" ɗin nan ba komai, dosiyen Windows ne na kansa. Dosiye marar suna kuwa cutar ce ta tura kayan ciki, kwashe su waje ka share shi. Ka duba kada akwai .exe mai hoton dosiye a cikinsu, tunda yanzu ƙarshen sunaye na fitowa za ka gane.

Aikin bai ƙare ba sai an canza kod ɗin duk asusun da aka taɓa buɗewa a kwamfutar, musamman waɗanda burauza ta adana: Gmail da farko domin ta nan ake dawo da sauran, sai Facebook. A waya za a canza su, ba a kwamfutar ba. A WhatsApp shiga Appareils connectés ka fitar da duk wanda ba ka sani ba, ka kunna Vérification en deux étapes. Lambobi shida da ke zuwa ta SMS kuwa ba a ba kowa, ko da saƙon neman ya fito daga lambar ɗan'uwa, domin wataƙila shi ma an riga an ƙwace nasa.

Format na da lokacinsa. In wscript ya dawo bayan an sake kunna ta sau biyu ko uku, ko Defender ya ƙi kunnuwa, ko Windows ɗin na satar lasisi ne, to a yi. Kuma in za a sa SSD dama sabon Windows za a ɗora, sai a haɗa. A ɗauko shi daga shafin Microsoft, ba daga kile ɗin da ta zagaya kasuwa ba. Ka sani kuma tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, an ba da ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista har 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 a ƙa'ida sai Intel ƙarni na 8 zuwa sama, taka ta 6 ce. In aikin rubutu da bincike ne na yara, Linux Mint, tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, zai ɗauke ta, akwai shi da Faransanci, kuma .vbs ba ya tashi a kansa.

Game da wurin buga takardu, kwamfutarsu na karɓar kile masu yawa a rana, ko sun wanke da safe kafin yamma ta sake kamuwa. Mayar da takardar PDF ka tura musu ta WhatsApp. In dole sai an kai da hannu, yi amfani da katin SD babba da abin karanta shi: a gefen katin akwai ɗan maɓalli, ka ja shi ƙasa wajen Lock bayan ka zuba takardar. Gwada a gida tukuna, ka yi ƙoƙarin kwafa wani abu a kai, in ya ƙi to abin karantawar na mutunta makullin, kwamfutarsu za ta karanta ta buga amma ba za ta iya rubuta komai a ciki ba.